Mai Ba da Bashi Ma Yana da Hisabi

Galibin shekarun aikina na yi su ne a sashen albashi, inda takardar kowane ma'aikaci take bi ta gabanka kafin kuɗi su shiga hannunsa. Wanda ya zauna a wannan kujera yakan san halin da gidajen mutane suke ciki ba tare da an faɗa masa ba. Abin da na fahimta a can shi ne, duk bashin da ya durƙusar da magidanci mutum biyu ne suka ƙulla shi, kuma sau da yawa mai bayarwa ya riga mai karɓa sanin cewa ba zai biyu ba. Amma in an zo rabon laifi sai a jibga wa mai karɓa shi kaɗai, a ce ai da hankalinsa ya sa hannu.

Muna yara akwai masu ba da hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a biya su ninki da kaka, wanda ya kasa kuma gonarsa ta tafi jingina. Wannan zalunci ne, malamai sun daɗe suna faɗa. Amma na san wani irin mai bayarwa a kasuwa, wanda ya san gidanka, ya san yawan bakin da kake ciyarwa. In ka nemi abin da ya fi ƙarfinka sai ya ce, "Malam, wannan zai yi maka nauyi, karɓi rabi." Ranka zai sosu a ranar, amma bayan wata uku kana iya bi ta ƙofar shagonsa ku gaisa, ba sai ka sake hanya ba. Hanawar nan tana cikin sana'ar, ita ce kuma ta fara ɓacewa da bashin albashi ya shigo.

Dalili a fili yake. Mai ba da bashin albashi ba ya jiran ka kawo masa, daga tushe ake cire masa nasa, saboda haka ba shi da asarar da zai ji tsoro. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da kashi ɗaya cikin uku na ladansa a wata. A mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kimanin Naira 23,000 ke nan. Sai dai zagaye wannan ƙa'ida ba wuya. Bashin farko ya bi ta ofis, na biyu ƙaramin banki ya zare shi daga asusu da zarar albashi ya sauka, na uku ƙungiyar adashin ma'aikata ce take jira. Kowannensu zai rantse maka nasa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Wani direbanmu, dattijo mai kunya, ya taɓa miƙo mini wayarsa a ƙarshen wata, ya ce, "Ranka ya daɗe, duba mini, ko kuskure aka yi." Babu kuskure. Abin da ya rage masa ba zai sayi rabin buhun masara ba. Bashin farko na tiyatar matarsa ne, sauran duka ya ci su ne don ya toshe ramin da na farkon ya bari. A makon nan na tarar da wani matashi, wakilin masu ba da rance, ya tsare shi a baranda da takardu a hannu yana cewa, "Baba, kana da damar ƙari, za mu haɗe maka tsoho da sabo, ka samu 'yan canji." Na ce masa, "Ɗana, ka duba takardar albashinsa kuwa?" Ya ce, "Na duba, Alhaji, amma ni ma an yanka mini adadin da zan kawo kowane wata." Yaron bai yi mini ƙarya ba. Waɗanda suka yanka masa adadin su ne suka tsara cewa ribarsu daga irin wannan dattijo za ta fito.

Yau mai bayarwa ba zai ce bai sani ba. Tun 2014 aka kawo lambar tantance masu asusun banki ta BVN, akwai kuma kamfanonin da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin adana tarihin bashin mutane. Daga watan Agusta na 2020 an ba bankuna damar bin wanda ya ƙi biya, su ɗebi kuɗinsu daga asusunsa na wani bankin. Ban ƙi wannan ba. Amma wanda yake da idon gano kuɗinka a duk inda ka ajiye su ranar karɓa, da wannan idon zai iya ganin an riga an cinye albashinka ranar bayarwa.

Manhajojin bashi na waya kuwa sun kai abin inda ba mu taɓa zato ba. Ba jingina, ba mai tsaya maka, cikin 'yan mintuna kuɗi sun shigo, wa'adi mako ɗaya ko biyu da ruwa mai yawa. Jinginarsu ita ce mutuncinka. Ka ba su izinin shiga lambobin wayarka, ranar da ka saɓa sai saƙo ya isa ga surukinka da limamin unguwarku cewa kai macuci ne. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 kan irin wannan keta sirri. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotunan mutane. An rage tozarci, an gode. Amma ba wa yaron da ba shi da sana'a kuɗi, alhali ka san sai ya ci wani bashin zai biya ka, wannan yana nan.

Duk da haka ba zan shafa wa mai karɓa mai a baki ba, don na ga nasa shi ma. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na asibiti daban, na gasar lefe da ankon biki daban. Na ga wanda ya ɓoye basussuka uku ya karɓi na huɗu. Yanzu kuma ina jin samari suna cewa kuɗin manhaja kuɗin banza ne, ka karɓa ka cire layi ka jefar. Haba yarana! Zaluncin mai bayarwa bai halatta maka dukiyarsa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya kuma tabbata cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani da ake bin sa bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ga kuma wata cuta da masu gudun ba sa lissafawa: asarar da suka jawo, a kan mai sayar da ƙosai da take biya a kan kari ake fanshe ta, ta hanyar ƙarin ruwa.

Da ni za a tambaya, uwar kuɗi tana wuyan wanda ya ci, ya biya ta ko da kaɗan-kaɗan ne, a kuma saurara masa in yana cikin ƙunci, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Ruwa da tarar jinkiri kuwa, duk wanda aka samu ya ba da rance bayan ya ga an riga an wuce kashi ɗaya cikin uku, ko bai ma duba ba, ya yi asararsu. Shugabannin ma'aikatu da suke sa hannu a takardar neman rance su ma da nasu kason. Akawun da ke riƙe da takardar yana ganin abin da ya rage wa mutum, yana kuma da ikon mayar da ita ba sa hannu.