Hoton Da Muke Aikawa Gida

'Yan uwana ɗalibai, kowannenmu ya san irin hoton da ake aikawa gida. A tsaya gaban Big Ben ko ƙofar jami'a cikin kwat da takalmi mai ƙyalli, a yi murmushi kamar ba a san kuɗin haya ba. Iyaye su nuna wa maƙwabta, a ce yaro ya samu duniya. Ban ga laifin faranta ran tsofaffi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda a hankali mu kanmu muke soma auna juna da wannan hoton, har a cikin coci ranar Lahadi, inda mai leshi da mota ke samun gaisuwar da wanda ya taho a bas daga aikin dare ba ya samu. Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta tsawata wa masu bi a kan wannan hali tun ƙarni na farko.

Ni Kirista ne, kuma labarin da na fi komawa gare shi yana cikin 1 Sama'ila, sura 16. Allah ya aiki annabi Sama'ila Baitalami ya zaɓi sabon sarki cikin 'ya'yan Yesse. Da ganin Eliyab, babban ɗan, annabin ya ɗauka an gama magana. Allah ya hana shi, ya nuna masa cewa tsayi da kyan sura ma'aunin mutane ne, shi kuwa zuciya yake dubawa. Abin mamakin shi ne Sama'ila ya riga ya ga ƙarshen Saul, wanda ya fi kowa tsayi a Isra'ila, amma idonsa ya sake karkata ga dogo. In annabi ya yi haka, ina ga ni da kai? 'Ya'ya bakwai suka wuce, ba a zaɓi ko ɗaya ba. Autan, Dawuda, ko kiransa ba a yi ba, yana daji da tumaki.

Kada a ce kyau laifi ne, domin surar ta ce Dawuda ma kyakkyawa ne. Kyan dai ba shi ya sa aka zaɓe shi ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a ganina lokaci ya fi fuska faɗin gaskiya. A sura 17 Dawuda ya kai wa yayyensa abinci a fagen yaƙi, sai Eliyab ya hau shi da faɗa, wai kallo ya kawo shi, ya kuma yi masa gorin 'yan tumakin da ya bari. Da Dawuda ya tsaya gaban Saul kuwa, abin da ya kafa hujja da shi shi ne zaki da beyar da ya kashe don ceton garke, a inda babu mai tafa masa.

Nawa garken yana wani gidan kula da tsofaffi, inda nake cike awa 20 ɗin da biza ta yarda wa ɗalibi a mako lokacin karatu. Akwai wata tsohuwa da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Ba ta san sunana ba, ba ta san ina digiri na biyu ba, ba za ta iya kai ƙarata ba, balle ta yaba mini. Ƙarfe uku na dare, idan ta ɓata shimfiɗa, ni kaɗai ne a ɗakin. Zan iya fizgar ta in gama da sauri, zan iya ɗumama ruwan, in yi mata magana a hankali ko da ba ta fahimta. A takardar da zan cike da safe layi ɗaya ne ko ta wace hanya: an sauya shimfiɗa, ƙarfe 3:10.