Kaza da 'Ya'yanta a Daren Hunturu

Kakata ce ta fara nuna mini ita. Hunturu ne, an gama girbi, muna jin ɗumin wutar kara a tsakar gida, leɓena duk ya tsattsage don sanyi. Ta ɗaga haɓa sama ta ce, "Maigidana, ga Kaza da 'ya'yanta can, ƙirga mini su." Na ƙura ido, ban ga komai ba sai wani dishi-dishi kamar an barbaɗa gari. Ta ce, "Ai ba a ƙura mata ido, dubi gefenta." Ina ɗan kawar da ido kuwa sai ga 'yan tsakin sun fito. Shida na ƙirga. Ita kuwa ta dage bakwai ne, tun tana budurwa haka take ganinsu.

Malamin allonmu Surayya yake kiranta. Sai da na girma na karanta cewa taurarin sun haura 1,000, tare aka haife su kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma haskensu sai ya yi tafiyar wajen shekara 440 kafin ya iso tsakar gidanmu.

Bayan rasuwar kakata da daɗewa na koma ƙauye da kyamara, a wani daren Disamba da babu farin wata, hazo kuma ya lafa. Na kafa ta a bayan rumbu. Hoton farko na bar idonta a buɗe daƙiƙa 30, taurarin suka fito zare-zare, domin duniya juyawa take yi. Na rage zuwa daƙiƙa 2, na yi ta ɗauka har yatsuna suka ƙage, sannan na haɗe hotunan a kwamfuta.

Wani shuɗin hayaƙi ya bayyana kewaye da manyan taurarin. Raina ya ɓaci, na zaci ƙurar hunturu ce ta hau gilashin. Ashe ƙura ce ta can sama, wadda Kazar ke ratsawa, hasken taurarin na faɗa mata tana sheƙi. Irinta wasu 'yan'uwa biyu, Paul da Prosper Henry, suka kama a hoto a Paris a 1885.

Na daɗe ina kallon hoton. A gefen gabas, dab da ɗaya daga cikin shidan da na sani, ga wani ɗan tsako ya raɓe. Na tabbata shi kakata take nufi.