Aisland, Inda Ake Gama Ƙwallo Kafin Duhu Ya Dawo

Uwargida, ko ba ki damu da ƙwallo ba, na san kin ji ihun da aka yi a unguwarku ranar 22 ga Yuni, 2018, lokacin da Ahmed Musa ya zura ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha. Ƙasar da ya ci ɗin ita ce Aisland, tsibiri ne can ƙuryar arewacin Turai. Mutanenta gaba ɗaya ba su cika 400,000 ba, wato ƙaramar hukumar Dala kaɗai ta fi su yawa. Amma suna da gasarsu ta ƙwallo tun 1912, kuma ita nake so mu leƙa yau.

Jirgi zai sauke ki a Keflavik. Daga nan zuwa babban birnin, Reykjavik, tafiyar kilomita 50 ce a cikin baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari, da wuya ki ga itace ko ɗaya. Ki riƙo rigar sanyi ko da a Yuli ne, don zafinsu bai kai sanyin hunturunmu ɗumi ba.

Yawancin ƙasashen Turai suna fara kakar wasa a Agusta su gama a Mayu. Nan sai an juya lissafin, a fara a Afrilu a gama a Oktoba, domin a Disamba hasken rana bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba, ga iska ga dusar ƙanƙara. A Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare, ta sake fitowa wajen ƙarfe uku. Za a tashi wasa da tara na dare, ki fito ki ga gari kamar bayan la'asar. Ki lissafa da kanki tazarar magariba da asuba a irin wannan wata.

Ƙungiyoyi 12 ne suka buga kakar 2024, tara daga cikinsu duk a Reykjavik da kewayenta suke. Kowa ya kara da kowa gida da waje, wasa 22, sannan a raba su gida biyu: shidan sama su nemi kofi, shidan ƙasa su nemi tsira daga faɗuwa. A shekarar ne Gylfi Sigurdsson, wanda ya ɓarar da fenareti a wasanmu na 2018, ya dawo gida ya shiga ƙungiyar Valur.

Wadda ta fi burge ni ita ce Vestri, daga garin Isafjordur, mai mutum ƙasa da 3,000. Tsakaninsa da babban birni kilomita 450 ne, hanya tana ta zagaye bakin teku kamar ba za ta ƙare ba. Duwatsu sun yi wa garin ƙawanya har hasken rana ba ya sauka cikinsa wajen wata biyu a shekara. Idan ya dawo a ƙarshen Janairu sai a yi wainar fulawa da gahawa, a yi murna. Vestri ta wannan ɗan gari ce ta hau babbar gasar karon farko a 2024, ba ta faɗo ba, a shekarar da ta biyo kuma ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasar.

Kar ki sa ran ganin manyan filaye irin na talabijin. Yawancinsu rumfa ɗaya ce a gefe guda da ciyawar roba, 'yan kallo ɗaruruwa ko dubu da wani abu, kowa ya san kowa. Da yawa daga 'yan wasan ɗalibai ne ko masu wata sana'a. Birkir Saevarsson, ɗan bayan da ya buga da mu a Rasha, a kamfanin ƙunsa gishiri yake aiki kafin gasar. Mai tsaron gidansu shirya fim yake yi, kocinsu kuma likitan haƙori ne. In kina da yaron da ya ce zai bar makaranta saboda ƙwallo, ga labarin da za ki ba shi a kan tuwon dare.

Ki zo filin da yamma ranar da ba wasa, a nan za ki gane abin da ƙungiyoyin suke yi. Yara ne cike, maza da mata, tun daga 'yan shekara huɗu, kowane rukuni da mai horarwa da ya yi karatun abin. Kowace unguwa da ƙungiyarta, yaro da ƙafa ko keke yake zuwa. Tun 2007 hukumar birnin Reykjavik take ba kowane yaro mai shekara 6 zuwa 18 tallafin kuɗi duk shekara, wanda ba a kashe shi sai a wasanni ko kiɗa ko makamancinsu. Doka kuma ta hana ɗan shekara 13 zuwa 16 yawon dare bayan ƙarfe goma a lokacin sanyi. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. A 2016 saura kashi 5. Ba ƙwallo kaɗai ta yi wannan ba, iyaye ma sun ɗaure ɗamara. Amma duk wadda ta taɓa karɓar matashin da aka kawo asibiti cikin dare saboda ƙwaya ko kodin, ta san abin da yammaci ɗaya na zaman banza yake jawowa. Mu kuwa filin unguwa sai ki wayi gari an yanka shi fuloti.

Kakar 2024 sai da ta kai ranar ƙarshe, 27 ga Oktoba. Vikingur mai riƙe da kofin da Breidablik makinsu ɗaya, kuma su ne za su haɗu, a gidan Vikingur, wadda canjaras ma ya ishe ta. Breidablik ta ci 3 da nema ta tafi da kofin garin Kopavogur, tafiyar da ba ta wuce minti goma a mota ba. Daga nan aka rufe filaye, yara suka koma atisaye cikin manyan zaurukan ƙwallo masu rufi, waɗanda aka fara ginawa a Keflavik a shekarar 2000.