Koren jirgin Baba

Dutse, Jihar Jigawa

Aminina,

 Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Mu nan lafiya lau, sai dai hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe duwatsun gari.

Ka tuna jiragen kara da gwangwani da muke ƙerawa muna yara? To, na koma ruwa. Bara mun raka maniyyata filin jirgin nan namu na Dutse da aka buɗe a 2014, ƙaramin ɗana ya ga jirgi ido da ido, tun daga ranar ya hana ni sakat sai na ƙera masa nasa. Na ce in dai zan yi, wanda Baba ya hau zuwa Makka daga Kano zan yi, wato DC-10 na Nigeria Airways, kamfanin da ya daina tashi tun 2003.

Na fara da awo. Tsawon jirgin kusan mita 55 ne, fikafikansa kuma mita 50 daga baki zuwa baki. Na mai da kowace mita santimita ɗaya, nawa ya zama santimita 55 da 50. Injinansa uku ne: biyu a ƙarƙashin fikafikai, ɗaya a gindin jela. In ka bar na ukun, wani jirgi ka ƙera daban.

Wajen fenti aka yi ta. Na shafa fari da kore, na kai wa Baba ina murna. Ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Jikin dai shi ne, amma wannan koren ganyen darbejiya ne. Namu koren tuta ne." Wallahi maganar ta shige ni. Mutumin da ya hau jirgin nan shekaru masu yawa da suka wuce, ashe launin na nan daram a idonsa.

Na kankare na sake, kuma na koyi abubuwa. Tsohon hoto yana koɗewa, bai kamata a dogara da guda ɗaya ba. Fenti yana sauya fuska in ya bushe, don haka yanzu sai na gwada a jikin gwangwani, in bari ya kwana, in duba shi a rana da inuwa. Sannan ƙaramin abu yakan fi duhu a ido, shi ya sa nake ɗiga ɗan fari a cikin koren. Tambarin kamfanin kuwa, wato giwar nan mai fiffike, dare uku na yi ina zana ta da tsinken tsintsiya.

Na ɗauki abin amana ne, aminina. Jirgin nan ba ya tashi yanzu, ɗana kuma ba zai taɓa ganinsa ba sai a hannuna. Launin da na ba shi, shi zai riƙe a matsayin gaskiya.

Don Allah ka tambayi Hajiya ko tana da tsohon tikiti ko jakar alhazai mai tambarin kamfanin. Ina son in gwada koren kafin in mayar wa Baba ranar Juma'a mai zuwa.

Ka gaishe min da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
Amininka na Dutse