Hasken da Ke Sauka Cikin Kwazazzabo

Yamma da birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ƙasa, akwai tuddan da mutanen can ke kira Shuɗɗan Duwatsu. Daga nesa shuɗi-shuɗi suke, ana kuwa danganta wannan da man itatuwan turare da suka lulluɓe su, irin turaren nan da muke gani a ƙasar Jos. Amma dutsen kansa ba shuɗi ba ne. Yashi ne da ya daskare shimfiɗa bisa shimfiɗa, ja-ja da ruwan ɗorawa, rafuka suka yi ta cinsa har suka tsaga shi, suka bar kwazazzabai masu zurfi da ƙunci.

Taron fastoci ne ya kai ni ƙasar. Da aka tashi, dattijon ikilisiyar da ya sauke ni, mutum mai son yawon daji da ɗaukar hoto, ya ce mu kwana biyu a kan tuddan. Ranar Asabar muka bi wata hanyar ƙafa kusa da garin Bilakhis, wadda aka buɗe tun 1907, tsawonta kamar kilomita 6. Da matakala ake sauka. Gwiwar mai shekara hamsin da 'yan kai ta san ta sauka.

A ƙasa sanyi ne da danshi. Ruwa na ɗiga daga bango, ganye ya rufe rafin, sararin sama kuwa ya koma kamar tsagar ƙofa. Nan abokina ya kafa kyamararsa a kan ƙafa uku, ya bayyana mini wahalar wurin. Idon mutum yana iya haɗa hasken sama da duhun ƙasa a kallo ɗaya. Kyamara ba ta iyawa. In ka daidaita ta domin sama, bango ya zama baƙi ƙirin. In ka daidaita domin bango, sama ta ƙone fari fat. Saboda haka masu wannan sana'a ba sa murna da rana tsaka, sa'ad da hasken ke faɗowa kai tsaye. Jira suke yi har rana ta karkata, ta bugi bango ɗaya can sama inda ba a ganinta, wannan bangon ya mayar wa ɗan'uwansa, shi kuma ya sauko da shi a hankali. A lokacin ne dutsen ke yin ja kamar garwashi, kowane layin yashi ya fito. Sai a bar idon kyamara a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi, ba a taɓa ta, ba a ko jingina da ita.

Mun jira fiye da awa guda. Ina zaune a kan dutse mai sanyi, Fitowa sura 33 ta zo mini. Musa ya roƙa ya ga ɗaukakar Ubangiji, aka sa shi a tsagar dutse, aka rufe shi har ɗaukakar ta wuce, bayanta kaɗai ya gani. A makarantar tauhidi an koya mana cewa jinƙai ne ya sa aka hana shi ganin fuskar, gaskiya ne kuwa. Abin da na lura da shi a ranar nan shi ne, daga cikin tsagar aka ba shi abin da ya gani.

'Yan'uwa, na tuna da ku a wurin. Na tuna da gwaurayen da ke zama a layin baya na majami'armu, da uban da ya tambaye ni a bakin kabarin ɗansa, "Baba Fasto, ina Allah yake?" Ban ba shi amsa mai tsawo ba a ranar. Amma na ga matan zumunta suna kai tuwo gidansa wata uku cur, na ga matasa sun nome masa gona, ba wanda ya aike su. Shi kansa ya faɗa mini daga baya cewa ba wa'azina ne ya riƙe shi ba, kwanon tuwon nan ne.

Da hasken ya iso, bai kai minti ashirin ba. Abokina ya ɗauki hoto bakwai, ya zaɓi ɗaya ya wanke mini. Babu rana a cikinsa, babu ko sararin sama: bango ne kawai yana ci kamar wuta, da ɗan rafi a gindinsa. Hawan fita ya ɗauke mu har la'asar, washegari kuma muka yi sujada a wata ƙaramar majami'a ta garin.