Latas Ɗin Kawuna

Gidanmu yana Unguwar Rimi, kuma daga ƙofar gida zuwa bakin Kogin Kaduna ba wata tafiya ce mai nisa ba. A can ne Kawu, yayan mahaifiyata, yake da lambu. Tun da mahaifina ya yi ritaya, daga cikin lambun nan ake biya mini kuɗin makaranta da na littattafai. Saboda haka duk lokacin hutu ni ne ɗan aikin Kawu, in ja masa tiyo, in gyara kwami, in ɗauki kwandon ganye zuwa bakin titi inda masu saro suke jira.

Idan rani ya tsananta kogi yakan ja baya ya bar yashi, amma akwai wani babban lambatu da ya ratso unguwa ya gangaro ta gefen lambun, shi kuwa ba ya ƙafewa, tun da mutane ba sa daina wanka da wanki da wanke-wanke. Kawu yakan datse shi da buhunan yashi ya kafa injinsa. Ruwan baƙi ƙirin yake, warinsa kuwa sai wanda ya saba. Amma fa ku zo ku ga latas! Kore shar, ganye fato-fato kamar faifai. Kwamin da ke shan ruwan kogi zalla sai an bi shi da yuriya kafin ya kamo ƙafar wannan. Kawu yakan ce lambatun nan shi ne ɗan kasuwa ɗaya tak da ke ba shi taki bai tambaye shi ko kwabo ba.

A ranin bara ƙanwata ta kwanta da zazzaɓi mai zafi da ciwon ciki. Da aka kai ta asibiti aka auna, likita ya ce taifot ne, ga kuma tsutsar ciki. Ya tambayi Inna irin ruwan da muke sha, da kuma ko muna cin ɗanyen ganye. Kwana tara suka yi a can, ni nake kai musu abinci bayan an tashi daga makaranta. Likitan bai ce lalle latas ne ya jawo ba, amma Inna ta riga ta yanke hukunci a zuciyarta. Ranar da Kawu ya zo sannu da kwando a bayan kekensa, ta tare shi a tsakar gida ta ce, "Yaya, don girman Allah kada ka sake kawo mana ganyen nan."

Kawu ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ganyen da ke biya wa ɗanki kuɗin makaranta?" Ya ɗaure kwandonsa ya fita. Sai da ya yi wata biyu bai tako gidanmu ba. Kuɗin zango kuwa ya aiko da su daidai lokacinsu, abin da ya fi komai sa ni jin kunya ke nan.

Na rasa wanda zan bi. Ran nan bayan darasi na tsaya na kwashe labarin duka na gaya wa malaminmu na kimiyya, na tambaye shi wane ne mai gaskiya tsakaninsu. Ya ce, "Dukansu biyu." Ya bayyana mini cewa a cikin fitsari da bayan gida da ruwan wanke-wanke akwai naitirojin da fosfaras, watau ainihin abin da manomi ke saye a buhun kampa da na yuriya da na supa. Har ya ce a shekarar 1669 wani mutumin birnin Hamburg na ƙasar Jamus, mai suna Hennig Brand, ya fara gano fosfaras, kuma daga fitsari ya fitar da shi, yana dafa shi da niyyar samun zinariya. Amma a cikin ruwan nan har wa yau akwai ƙwayoyin taifot da na kwalara da ƙwan tsutsar ciki. Taki da cuta a cakuɗe suke. Kawu ya ga taki, Inna ta ga cuta, aikin da ya rage shi ne a raba su.

Wurin da ake wannan rabawa shi ne matatar ruwan ƙazanta. Da farko ruwan yakan bi ta cikin raga, ta tare leda da tsumma da sauran tarkace. Daga nan ya shiga manyan kwatamai ya tsaya, abin da ke da nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama baƙar laka. Sa'an nan a hura wa ruwan iska, domin waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su cinye sauran dattin. A da, da zarar ruwa ya yi haske sai a sake shi cikin kogi, lakar kuma a nemi inda za a jibge ta, shi ke nan an gama. Yanzu ƙasashe da yawa suna yi wa tsofaffin matatunsu kwaskwarima, don kada a tsaya ga tsabtacewa kawai.

Wannan sashe shi ya fi ba ni sha'awa. Lakar nan idan aka zuba ta a rufaffen tanki inda iska ba ta shiga, aka bar ta da ɗumi kamar na jikin mutum har wajen mako uku, sai ta ruɓe ta fitar da iskar gas mai kama wuta. Da gas ɗin ake juya injin lantarki, matata ta sami wutar da za ta yi aiki da ita. Abin da ya rage a busar da shi, a sarrafa shi da zafi har ƙwayoyin cuta su mutu, ya zama taki. Akwai kuma wani abu kamar tsakuwa da ke taruwa cikin bututun matata yana toshe shi, injiniyoyi suka daɗe suna kuka da shi. Ashe fosfaras ne da naitirojin suka haɗu da magniziyam suka daskare. Yanzu da gangan ake tara shi a wani tanki dabam, a cika buhuna a sayar wa manoma. Jamus ma ta yi doka a 2017, cewa daga 2029 dole ne manyan matatun ƙasar su riƙa ceto fosfaras daga lakarsu. Dalili kuwa, daga dutse ake haƙo shi, kuma yawancin dutsen da ya rage a duniya yana hannun Maroko. Mu nan Kaduna mun san darajarsa, domin a garin nan, can ƙetaren kogi, gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin takin supa wanda ya fara aiki a 1976.

Da na je lambu na ba Kawu labarin nan, ina tsammanin zai yi mamaki, sai ya yi dariya. Ya ce, "Kai yaro, wannan ne ilmin da nake biya?" Ya ce kakana, wanda ya yi zamansa a wani ƙauye kusa da Kano, da rani yakan ɗora wa jakunansa itace ya kai birni, in zai komo ya ciko mangala da toka da shara da kashin tumaki daga gidajen birni, ya jibge a gona. Haka dukan manoman kewayen Kano suke yi, shi ya sa suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba. Birni ya ci hatsin ƙauye, ya mayar wa ƙauye da taki. Gaskiyarsa, sai dai takin kakana busasshe ne, yakan sha ranar bazara kafin shuka, kuma dawa da gero sai an dafa ake ci. Na so in gaya masa haka, amma na ga ba ranar ba ce.

Na san cikin iyayenmu masu karanta wannan akwai mai cewa, ai najasa najasa ce. Ni ma na yi wannan tunani. Amma a 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa cewa ruwan ƙazanta idan aka tace shi sosai, har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma irin na ruwa, kuma ba ya cutarwa, to ya tsarkaka. A birnin Windhoek na Namibiya, inda ruwa ke wuya ƙwarai, tun 1968 suke tace irin ruwan nan suna mayar da shi famfo. Ni ban kai ga roƙon a ba mu shi mu sha ba. Ruwan ban lambu kawai nake nema wa Kawu.

A ƙasarmu ma akwai matatu. Abuja tana da babba a Wupa, wadda aka buɗe a 2007, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da tafkuna a Samaru inda ruwan ƙazanta ke kwanciya, rana da gansakuka su yi aikinsu. Amma mu a unguwarmu kowane gida da salgarsa ko sokawensa, ruwan wanka kuwa a kwata yake bi. Da daminar da ta wuce salgarmu ta cika, Baba ya kira mota ta zuƙe, ya biya kuɗi masu yawa. Na tambayi yaron motar ina suke kaiwa, ya ce, "Bayan gari mana." A makon nan ne kuma na raka Kawu kasuwa sayen taki don gonarsa ta masara, ya taya buhu, kuɗinsa ba su kai ba, ya komo da 'yan mudu a leda. Tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin taki a duniya yake wannan fama. Gida ɗaya ana biya a zubar, ɗan'uwan gidan yana biya ya saya. Kaza ce ta kwana a kan dami.

A ganina ba sai an fasa titunan Kaduna duka an binne bututu ba kafin a fara. A sami fili a bayan gari inda motocin nan za su riƙa juyewa, da tankin gas da wurin shanya, a kuma haƙa tafkuna a bakin manyan lambatu kafin su faɗa kogi. Kogin nan dai shi ake ɗiba a Malali a tace mana mu sha, kuma in ya wuce mu akwai mutanen Shiroro da Zungeru suna jiransa.

Kafin Allah Ya kawo wannan, Malam ya rubuta mini shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2006: a daina ba ganye ruwan lambatu 'yan kwanaki kafin a cire shi, a zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba, a kuma wanke shi da ruwa mai tsabta. Na karanta wa Kawu. Ya ce latas in ya kwana biyu bai sha ruwa ba ai ya yi yaushi, wa zai saya? Da ƙyar ya yarda ya riƙa ba kwamin da za a cire ruwan kogi a makon ƙarshe, ni kuma aka ɗora mini jan tiyon, wanda ya ninka na da tsawo.

Da ƙaramar Salla ya zo gidanmu, da kwandonsa a bayan keke kamar yadda ya saba. Inna ta gaishe shi har ƙasa, ta karɓi kwandon, ta zaɓe alayyafo da kabejin da za ta dafa. Latas ɗin kuwa ta miƙo mini ta ce in mayar masa kan keke.