Ƙuri'ar Mata Tsakanin Maraɗi da Katsina

Tsakanin Maraɗi da Katsina babu wata tazara mai yawa. Harshe ɗaya ne, kasuwanni a haɗe, auratayya kuma ta daɗe tana ƙulla gidaje. Duk da haka shekara 20 ce ta raba matan garuruwan biyu wajen samun 'yancin jefa ƙuri'a.

A Nijar, dokar da Faransa ta kafa wa ƙasashen da take mulka a watan Yunin 1956 ce ta bai wa kowane baligi, mace da namiji, damar yin zaɓe. Daga Paris aka aiko da ita, kuma da ita aka shiga zaɓen 1957 wanda ya kai jam'iyyar Djibo Bakary, wato Sawaba, ga kafa gwamnati.

A Arewacin Nijeriya kuwa ƙofar a rufe take. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi layi a rumfunan zaɓe, na Arewa suna gida, domin jam'iyyar NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba. NEPU ta Malam Aminu Kano ce ta ƙi yarda, kuma wadda ta fi ɗanɗana kuɗar wannan ƙi ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar. Ta hau dandali ta yi jawabi a zamanin da fitowar mace taron siyasa kaɗai ta isa a kira ta da sunan banza. An yi mata duka, an ɗaure ta sau da dama, ba ta daina ba. Abin lura ga mai nazarin harshe: kalmar sawaba, mai nufin sauƙi bayan wahala, ita ce kirarin 'yan hamayya a ɓangarorin iyakar biyu. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi ƙarƙashin mulkin soja, matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da ita.

Matan Nijar ma ba su tsira daga gwagwarmaya ba, jinkirta musu ita aka yi. Katin zaɓe bai ba su kujera a inda ake yanke shawara ba. Ranar 13 ga Mayun 1991 suka cika titunan Yamai, suna neman a ƙara musu wakilci a kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka kuma ƙara. Wannan rana ce Nijar ke tunawa kowace shekara a matsayin ranar mata ta ƙasa.